Kawu Sule da Igiyar Maruƙa

Duk wanda ya yi firamare a Roni zamanin Kawu Sule ya san ba ya shiga aji salin-alin. Sai ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya tafi luu, ya zube gaban allo, hula can, alli can. Mu kwashe da dariya. Ya miƙe ya kaɗe riga: "To, yanzu kunnuwanku sun buɗe."

Ƙanen mahaifiyata ne, na sha kunyar wannan faɗuwa! Da ya ce zai koya mana wasan kwaikwayo, hedimasta ya ce, "Malam, wannan ai shiririta ce." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sa nake so a yi ta bisa tsari."

Kayan wasa kuwa bai taɓa saye ba. Gemunmu gemun masara ne. Rannan muna gwaji a gindin darbejiya, akuya ta cinye gemun mai fitowa a alƙali. Kawu ya ce, "Ku bar ta! Ta fi ku sa kai."

A shekarar nan muka ɓata da aminina Bulus, ɗan wani kafinta, kan ƙwallo. Muka shiga gaba, ga shi ƙarshen zango za su koma garinsu. Abin yana cina, amma girman kai ya hana ni magana. Sai Kawu ya aro igiyar maruƙa a ruga, ya ɗaure mu tare, mu fito a wasan a matsayin maruƙa biyu masu son tsinkewa su shiga daji. In ja gabas, ya ja yamma, mu kife.

Ranar da iyaye suka taru kallon wasan, aka zo inda zan zare wuya in gudu. Ƙulli ya ƙi! Na raɗa, "Bulus, don Allah matso." Ya ce, "Ɗaga min ƙafa tukuna, sarkin taurin kai!" Haka muka ruga a ɗaure, muka faɗa kwata muna ƙyaƙyata dariya.

Kawu ya leƙo: "Ni na ƙulle shi. Ina daɗin gudu kai kaɗai?"

Da Kawu ya rasu, Bulus ya yi doguwar tafiya ya zo ta'aziyya. Muka zauna tabarma ɗaya da furfurarmu.

Allah ya jiƙan Kawu Sule. Yadda ya faranta wa yara rai, Allah ya faranta masa.