Baƙo a Gonar Uwarsa

Garikai ya sauka daga motar Harare a farkon Disamba, jaka a baya, waya a hannu, ƙafarsa cikin wani farin takalmi da kowa ya gani ya san ba don lakar Makura aka yi shi ba. Shekararsa ta biyu ke nan a jami'a, kuma shi ne ɗan ƙauyen na farko da ya kai can tun bayan ɗan fasto, wanda ya tafi bai ƙara waiwayowa ba. Uwarsa ta tarye shi a bakin titi tana guɗa. Kafin ya ankara ta fizge jakar ta ɗora a ka, shi kuma ya bi ta a baya yana tsallake kududdufai.

Maman Garikai ake kiranta, har an kusa manta ainihin sunanta. Mijinta ya rasu yaron yana firamare, ta riƙe shi da gonar masara ɗaya da garken awaki. Awakin nan karatu ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. A wannan hutun saura guda, wata baƙa mai farin goshi, ga ta da ciki.

Hutun ɗan jami'a a Makura ba shi da wuyar faɗi. Garikai yakan farka rana ta riga ta ɗaga, ya tarar da shayi da burodin tukunya an rufe masa da faranti, gida tsit, uwar ta daɗe a gona. Ya ci, ya zauna ya wanke farin takalmin da tsohon buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Daga nan sai dutsen bayan makaranta, inda nan kaɗai waya ke samun sabis. A can yake yini yana dariya shi kaɗai da abokan da ba sa nan. Da la'asar ya gangara shaguna ya ba da cajin waya, ya tsaya kallon masu dara, yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Da magariba ga sadza, tuwon masararsu, da miyar ganyen kabewa, nasa a kwanon tangaran na baƙi.

A yi masa adalci, ranar farko ya ɗauki fartanya. Uwar ce ta karɓe.

"Ajiye min. Wannan hannun na biro ne. Ka huta, ƙwaƙwalwarka ta sha wuya."

Sai dai bai ja da ita ba. Ko irin jan nan na kunya, da mutum kan ce a'a sau ɗaya kafin ya saki, bai yi ba. Ya saki fartanyar da sauri kamar da ma zafi take yi masa.

Wanda bai raga masa ba shi ne Sekuru Chamunorwa, ƙanen uwarsa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna. Tsakanin kawu da ɗan 'yar'uwarsa akwai wasa, shi kuwa Sekuru ya riƙe wasan nan kamar sana'a.

"Ranka ya daɗe, Minista! An tashi? Ko in dawo da azahar?"

"Sekuru, ku bar ni mana."

"Ina na isa in taɓa ka? Ni dai tambaya ce: yaushe za ka koma ƙasarku? Ka gaishe min da su, ka ce mun ga baƙon da suka aiko, yana cin abinci sosai."

Garikai yakan yi dariya, don a bakin Sekuru magana ba ta da ƙaya. A bakin mata ne ta soke shi. Wata la'asar yana wucewa ta bayan shingen burtsatse, abin sauraro a kunne amma bai kunna komai ba, sai ya ji muryar matar mai shago.

"Maman Garikai, na bi ta gonarki jiya. Masara kike nomawa ko ciyawa? Na ce ko kin canja sana'a."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku ƙyale ta, baƙo gare ta. Mai baƙo ai sai ta dafa shayi kafin ta fita."

"Baƙon da zai yi wata biyu? To Allah ya ba mu irinsa mu ma mu rame."

Ya tsaya yana jiran uwarsa ta mayar musu, don ba ta rasa baki ba. Sai kawai ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta sunkuya ta ɗaga bokitinta. A nan ya lura da yadda ta dafa ƙugu kafin ta miƙe. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ragwancin ne ya fi ƙona shi ba, kalmar ce. A garin da aka haife shi, a bakin matan da suka goya shi, shi baƙo ne, kuma uwarsa ba ta musa ba. Ya ƙudurta a ransa sai ya goge sunan nan, kuma a gaban kowa zai goge shi.

Bai gaya wa kowa ba. Washegari da carar zakara ta farko ya lallaɓa ya zari fartanya, ya zura tsofaffin takalman robar ubansa, ya fice kafin uwar ta buɗe ƙofa. Gonar tana bakin hanyar da kowa ke bi, abin da ya fi yi masa daɗi ke nan.

Ya duƙa. Jikin bai manta ba, ko da yake ya yi ƙorafi. Kafin rana ta fito bayansa ya fara magana, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya ɗago ya share gumi, ya duba gabas da yamma: ba kowa. Gonar Sekuru wayam, ta matar mai shago wayam, har gangaren rafi ba mai motsi. Daɗi ya kama shi. Ashe masu bakin nan barci suke yi! Yau za su fito su tarar baƙo ya riga su. Har da 'yar waƙarsa.

Hantsi ya yi, sai ga matan coci a jere cikin jajayen riguna da fararen huluna. Garikai ya miƙe, ya ɗaga fartanya sama don kada a ce ba a gani ba.

"Iyayena, kun tashi lafiya?"

Suka tsaya cak. Wata tsohuwa a cikinsu ta ɗora hannu biyu a ka. Ya ɗauka mamaki ne, ya ƙara duƙawa ya kafta wa ƙasa sara mai kyau don su ƙara gani.

Can sai ga Sekuru Chamunorwa a guje, riga a hannu, ba takalmi.

"Garikai! Garikai, yar da fartanyar nan!"

Tunda ya dawo hutu bai ji sunansa a bakin mutumin nan ba sai yau.

"Yau wace rana? Kai nake tambaya, yau wace rana?"

Ya laluba aljihu ya ciro waya, don ita ce ke riƙe masa ranaku. Alhamis. Fartanyar ta suɓuce daga hannunsa.

Alhamis ce chisi a Makura, ranar da ƙasa ke hutawa. Mai zuwa coci da mara zuwa, ba wanda ke sa ƙarfe a gona, don an ce wanda ya yi ya kore wa gari ruwa. Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Garikai ya san chisi tun kafin ya san baƙaƙe, ita ce ma ranar da ya fi so yana yaro, ranar da ba a tashinsa da asuba. Amma a Harare Alhamis rana ce ta lacca biyu da wake a ɗakin cin abinci, a hutu kuwa ranakun duk sun narke masa sun zama ɗaya. Ga shi an kwana biyu sama ba ta zubo ba, ganyen masara ya fara naɗewa, kowa na kallon sama yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Sai ga ɗan jami'a a bakin hanya yana ɗaga fartanya yana gaisuwa.

Da la'asar aka taru a gindin bishiyar ƙofar gidan mai gari Tarusenga. Maza a kan kujeru da duwatsu, mata a tabarmi, aka tafa hannu aka gaisa. Garikai yana tsakiya a tsugune, ya ɓoye tafin hannunsa a tsakanin gwiwoyi. Tarar chisi kowa ya san ta: akuya. Kowa kuma ya san akuya nawa ce a gidan.

Sekuru ne ya nemi magana. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Baba, ba mu musa ba, an gan shi. Amma a duba. Yaron nan tun yana sakandare yake makarantar kwana, daga can sai birni. Kwana nawa yake yi a nan a shekara? Ranakunmu ba su ne ranakunsa ba. Baƙo ne, Baba. In mai wucewa ya tsinki ciyawa ranar chisi, ai ba a ƙwace masa akuya."

Mai gari dattijo ne mai sanyin hali, kuma shi ma ya san gidan. Da gani ya ji daɗin ƙofar da aka buɗe masa.

"To, in baƙo ne, ƙasa ba ta kama baƙo da abin da bai sani ba. Sai a ja masa kunne ya tafi." Ya juyo. "Yaro, haka ne? Mu ɗauke ka a baƙo?"

Idanu suka yi masa caa. Daga baya Garikai ya sha gaya wa kansa cewa akuyar ya tuna, da cikinta, da ƙugun uwarsa. Akwai wannan. Amma akwai kuma wani abu a ƙarƙashi: gwiwoyinsa sun gaji, idanun sun yi masa yawa, yana so a gama ya tashi. Ya gyaɗa kai, kaɗan, irin wanda mutum zai iya musawa gobe.

Sai aka ji tafi daga tabarmar mata, a hankali, irin na neman izini. Maman Garikai ce, tana durƙushe, ko jar rigarta ta matan coci ba ta cire ba.

"Baba, a gafarce ni. Baƙon wa?"

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"A bayan madafina aka binne cibiyarsa. Ubansa yana kwance can gindin dutse, kun san wurin, ku kuka haƙa. Chisi kuwa ya san ta, ni na koya masa. Mantawa ya yi, kuma ɗan gari ne ya manta. A ci shi tarar ɗan gari."

"Yaya!" Sekuru ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Akuyar fa ciki gare ta!"

"Na san da cikinta, ni ke ba ta dusa. Kai kuma, Chamunorwa, wasa wasa ne, amma kada ka ƙara kawo shi gaban dattawa."

Mai gari ya ce, "Uwa ta faɗi. A kawo akuya."

Mai laifi ne ke kai tararsa da hannunsa, don haka Garikai ne ya kwance ta daga turke. Akuyar ba ta ba shi haɗin kai ba. Ta turje, ta durƙusa, ta yi ta kuka kamar ta san shari'ar ba tata ba ce. Igiya ta fasa masa bororon hannu. Hanyar gidan mai gari kuwa sai ta gaban shaguna, masu dara suka bar dara suka bi shi da ido. Da sun yi dariya da ya fi masa sauƙi. Uwar tana biye a baya, kanta a ɗage, tana amsa gaisuwar mutane kamar mai rakiyar amarya.

A hanyar dawowa su biyu ne kawai. Suka bi ta gefen gonar. Ta tsaya ta dubi inda ya nome, ta daɗe tana dubawa.

"Ba laifi," ta ce. "Ka sare min masara a wurare, amma ba laifi."

"Amai," ya ce, yadda suke kiran uwa, "ku yi haƙuri. Zan..."

"Na ga ka gyaɗa kai."

Ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya ɗauka daga tabarmar mata ba a gani.

"Amai, akuyar ce. Na ga ita kaɗai ta rage muku, shi ya sa..."

"Akuya tawa ce, ni zan yi kukanta, kuma zan yi. Ba ita na tambaye ka ba." Ta juyo ta dube shi sosai, ba faɗa a fuskarta, abin da ya fi muni ke nan. "Matan burtsatse su faɗa, kawunka ya faɗa, duk ban damu ba, baki ne. Ni so nake in ji daga gare ka. Da mai gari ya ce a ɗauke ka a baƙo, ka ji sanyi a ranka ko ba ka ji ba?"

Garikai ya buɗe baki. A jami'a an san shi da iya amsa tambaya tun kafin a gama yin ta. Ya nemi ƙaryar da za ta yi daidai da matar nan, bai samu ba, gaskiyar kuma ta ƙi fita.

Ta jira shi. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda mai gari ya ba shi. Da ta ga ba abin da zai zo, sai ta gyara ɗaurin zanenta.

"To," ta ce. "Na ji."

Ta wuce gaba, ya biyo ta da igiyar akuya a hannu.