Rubu'in Tankin Jibirin

A unguwar Hajj Yusuf idan ka ce Jibirin sai a tambaye ka wanne, amma idan ka ce Abu Rubu'i, ko awakin unguwa sun san ƙofar gidansa. Dogo ne siriri, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya musu a gonakin audugar Jazira. A kan tarakta ya koyi tuƙi. Ya shigo birni da ƙuruciyarsa, ya daɗe yana jan motocin mutane kafin Allah ya hore masa tasa, wata tsohuwar a-kori-kura fara, irin wadda mutanen nan ke kira boksi. Da ita yake jigilar albasa da gawayi tsakanin kasuwar Umdurman da ta Suk al-Arabi.

Motar nan ba a cewa komai. Agogon gudu ya mutu tun a hannun mai ita na farko. Na zafin inji kuwa maƙaryaci ne, da sanyin asuba sai ya ce ruwa ya tafasa. Allurar mai ce kaɗai mai gaskiya a cikinsu, kuma a kan gilashinta, daidai rubu'in tanki, Jibirin ya ja wani siririn layi da jan fenti. Abin da ke sama da layin nasa ne da iyalinsa. Abin da ke ƙasa na unguwa ne: mai naƙuda, wanda kunama ta harba, tsohon da numfashinsa ya sarƙe, ko gawar da za a kai makwanci. Can sunan ya samo asali.

Mutane sun ɗauka kirki ne kawai. Matarsa Barakatu ta san abin ya fi haka. Ɗansu na fari zazzaɓi ya kama shi tun ba su da mota, maƙwabcin da ke da ita ya rantse babu ɗigon mai a tankinsa, kuma gaskiya ya faɗa. A keken jaki suka kama hanyar asibiti, yaron ya cika a cinyarta ba su ko hau kwalta ba. Jibirin bai taɓa tayar da zancen ba. Ranar da ya shigo da boksi gida dai, kafin ya ci abinci ya aika a sayo masa fenti.

Da sojoji suka karɓi mulki, mai ya zama sai da kati, sai da layin da mutum zai shiga da safe rana ta faɗi yana ciki, a nan aka ga iyakar rowar Jibirin. Da ya gangaro daga gada sai ya zare giya ya sa ta a firi, motar ta tafi da nauyinta. Totur kuwa lallaɓa shi yake yi kamar mai taka ƙwai. Direbobi na yi masa tsiya, suna cewa jaki ma ya fi shi sauri, shi ko ya yi dariya ya ɗaga musu hannu. An sha yi masa tayin aiki mai tsoka allura na kan jan layi, ya ce, “Ma'alesh, a yi haƙuri, man ya ƙare.” Su leƙa su ce ga shi nan muna gani. Ya ce, “Wannan ba nawa ba ne.”

Ana nan sai giya ta fara yi masa gardama. Ya zo shiga ta biyu, sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, fasinja ya dafe haƙora. Ya kai ta wurin Usta Hamid, bakaniken da suka tsufa tare. Usta ya sauya faifan kulochi, ya zuba sabon mai, ya zagaya da ita tana shiga sumul. Kwana biyu Jibirin ya dawo yana faɗa. A zuwa na uku Usta bai buɗe komai ba, ya tsaya yana kallon yadda abokinsa ke sa hannu biyu ya ɗago ƙafarsa ta hagu kafin ya sauko. Ya ce, “Ya Jibirin, motarka lafiyarta lau.” Jibirin ya ce tsufa ya cinye wa Usta kunne, ya shiga ya ja abarsa.

Ya sani sarai. Ciwon suga ya daɗe yana cin ƙafar, ta daina kai kulochi ƙasa. Abin da ke hana shi cin tuwo ba albasa ba ce, ba gawayi ba. Tsoronsa ranar da za a buga masa ƙofa, ga mai a tanki, babu mai kai shi.

'Yarsa Khadiga, malamar firamare, ita kaɗai Allah ya bar musu. Tun tana budurwa ya koya mata tuƙi a filin bayan unguwa, wai don wasa, amma bai taɓa yarda ta hau titi ba. Ta sha ce wa uban, “Yaba, ka bar ni in riƙa rage maka.” Ya ce giyar motarsa ba ta jin maganar kowa sai tasa.

Wata ranar Talata da azahar, rana na dukan kwano, ungozoma ta shigo ko sallama babu. Bakhita matar mai burodi ta kwana tana naƙuda, ɗan ya zo a gicciye, sai asibitin haihuwa na Umdurman. Allura na zaune daidai kan jan layi. Aka shimfiɗa katifa a baya, mata suka hau suka kare Bakhita da mayafansu. Jibirin ya tayar da mota, ya taka kulochi, ƙafar ta ƙi. Ya sake takawa, ya danna gwiwar da hannu, giya ta yi ƙara ta tofo. Daga baya yana jin nishin matar, Barakatu kuma na tsaye a bakin ƙofa, ta kafe shi da ido.

Ya sauko da kyar, ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Ya ce, “Khadiga, zo ki ba ni aron ƙafa.”

Haka suka tafi, sitiyari da ƙafafu nata, giya tasa. Ya kasa kunne ga inji, in lokaci ya yi ya ce, “Taka!” ta taka, ya ɗan ja sandar baya kamar mai rarrashi kafin ya tura ta gurbinta. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Da suka hau gadar Shambat ta ce, “In sa firi a gangara?” Ya ce, “Yau babu firi, ya bitti, 'yata. Ba ta wuta, don yau aka ajiye man.” Wajen ƙarshen gadar ya lura hannunta na kan nasa a sandar giya, can kuma ya ga ya janye nasa bai sani ba.

Bakhita ta sauka lafiya, aka samu mace. Sai bayan la'asar suka juyo, su biyu kawai, allura ta kwanta can ƙasa da jan layi. Jibirin na ta neman yadda zai gaya wa 'yarsa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba game da layin nan, ya rasa ta inda zai faro. Da suka zo mararrabar gida sai ya ga ba ta karya ba, ta miƙe ta je ta tsaya a bayan motar ƙarshe a layin gidan mai, layin da ba a hango farkonsa.

Ya ce, “Ba gida za mu ba? Kin gaji fa.”

Ta kashe inji, ta ɗora yatsa a kan jan fentin ta ce, “Yaba, in aka buga mana ƙofa gobe fa?”

Jibirin ya juya fuskarsa wajen taga, hawaye na bin gemunsa, bai kuma damu da direbobin da ke kallonsa ba. Can sai ya ce, “To matsa kaɗan, kin bar fili, wani zai shige mana gaba.”