Tukunya Mai Suna a Gindi

A garinmu na jihar Iowa, in aka yi mutuwa ba a tambayar Verna Hovland me za ta kawo. Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka, kuma ban taɓa ganin an binne ɗan cocinmu ba tare da tukunyar lantarkinta tana huci a ɗakin ƙasa na coci, inda ake ciyar da masu makoki ba.

Naman alade take yi, yanka mai kauri da ƙashinsa. Da can aladun mijinta Orville ne, kafin gonar ta gagare su. Da sassafe take soya shi sama-sama, ta shimfiɗa albasa a gindin tukunya, ta dama jan sukari da tumatirin kwalba da ruwan khal na tuffa ta kwarara a kai, ta sa a ƙaramar wuta. Awa shida ba mai taɓa murfin. Na taɓa ɗagawa in leƙa, ta ƙwala min ludayi a hannu, wai na cinye mata rabin awa. Masifaffiya ce ta gaske, ni ma ba baya ba, shi ya sa muka daɗe tare.

Kowace mace tana manna salatif mai sunanta a gindin tukunyarta. In an gama ci, wadda ta yi wanke-wanke ita ke mayar wa kowa da tata har ƙofar gida. Ta Verna kullum ni ke kaiwa.

Orville ya rasu shekara uku da suka wuce, daga nan mantuwa ta fara kama ta. Yau makulli a firji, gobe murhu a kunne ta tafi kanti. 'Yarta Darla ta zo daga birnin Des Moines ta yanke magana: in aka sake, sai gidan tsofaffi. Verna ta ce min gara ta mutu a tsaye a kicin ɗinta. Sai na ɗauki aikin rufa mata asiri, kullum da safe in shiga in duba komai, Darla ta bugo waya in ce lafiya lau.

Wata Talata na tafi cire haƙori ban leƙa ta ba. A hanyar dawowa na hango motarta a bakin coci, na tsaya na shiga. Tun daga matakala ƙamshin ya tare ni. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera faranti sun kai sittin, tana sanye da baƙar rigarta. Fasto na tsaye a gefe ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ke Lois, sai yanzu? Ina dankalin naki? Yanzu za a dawo daga maƙabarta, ke kullum ke ce ta ƙarshe."

Na ce, "Jana'izar wa, Verna?"

"Ta Orville mana. Kin fara rikicewa ne?"

Fasto ya raɗa min cewa ya riga ya kira Darla. Na wanke shi tas, Allah ya yafe min, don ba laifinsa ba ne. Sannan muka zauna mu uku muka ci. Naman yana zamewa daga ƙashi, zaƙi da tsami ba wanda ya danne wani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: ba ta manta ko cokali ɗaya ba, ranar kawai ta ɓace mata. Ta yi ta kallon matakala tana cewa mutanen garin nan ba su da kara, alhali Orville ne ya ɗauki akwatin gawar iyayensu duka.

Ranar Asabar Darla ta tafi da ita. Na wanke tukunyar na kai, na tarar da gidan a kulle. A gidan tsofaffin kuma ba a yarda da kayan girki a ɗaki. Kafin bazara an sayar da gidan, tukunyar tana kan kantar kicin ɗina, ban ɓare salatif ɗin ba.

Makon jiya na je duba ta. Ba ta kama sunana ba, amma ta riƙe min hannu ta ce, "An mayar min da tukunyata gida?"

Na ce an mayar.