Baba Isma'ila, Mai Gwada Ido Kafin Ya Taɓa Saiti

"Ba ni ɗaura ma shi."

"Don mi, Baba? Aikin ƙusa biyu na."

"Ko na ƙusa guda na. Idonka bai ci ba, ɗan Bara'atu."

A bakin maƙerar Baba Isma'ila aka yi wannan, a Wurno, shekara biyu ke nan. Mai gardamar Zayyanu ne, abokina tun sakandare. Da 'yan bindiga suka fara kwasar mutane a gonaki, samari da yawa suka shiga banga, shi ma ya shiga. Ranar ya zo da wani ɗan madubi mai batir, bai fi akwatin ashana ba. In ka leƙa ciki sai ka ga jan ɗigo yana rawa a tsakiya, kuma in an saita shi daidai, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Na ƙaramar bindiga ne, amma Zayyanu ya nace sai an ɗaura masa shi a kan harba-rugarsa.

Wanda bai san Baba Isma'ila ba zai ce tsoho ne mai taurin kai. Shekara arba'in da ɗaya yana fitowa bayan sallar asuba, ya share bakin rumfa, ya shimfiɗa fatar akuya, ya jera magagari da awartaki a kanta, sannan ya hura wuta. Garma da lauje su ne yawan aikinsa. Amma abin da ya kai sunansa Dinawa da Kwargaba har Taloka shi ne saitin bindiga, wato ɗan ƙarfen da ke bakin bindiga wanda maharbi ke auna abu da shi. In ya karkace da kaurin gashi, Baba zai gani.

Yana da doka guda. Ba ya taɓa saitin kowa sai ya gwada idonsa. Za a zazzage bindiga a kwantar da ita a kan tabarma. Shi kuma ya ɗauki buhunsa ya taka sawu sittin zuwa tsamiyar bayan maƙera, ya shige bayanta, ya fito da wani abu a kafaɗa. Wani lokaci galma, wani lokaci filafilin tuƙa kwalekwale ko bututun injin ban ruwa, wani lokaci tsohuwar bindigar da ta mutu. Sai ya ɗaga murya: "Mi ni ka riƙe?" Sau uku. Ka kuskure ɗaya, ba gyara sai ka je an duba ka.

Lauwali maharbi na Taloka har gobe yana ba da labarin yadda Baba ya riƙe masa bindiga wata huɗu, sai da aka cire masa yanar ido. "Na zage shi tas," in ji shi. "Da anka kwance man bandeji nig gane ashe shekara biyu ina kallon raƙumi awa jaki."

Zayyanu ya faɗi gwajin. Sau biyu Baba ya fito da bututu, sau biyu Zayyanu ya ce bindiga ce.

Baba bai raina ɗan madubin ba. Ya karɓa ya juya shi, ya leƙa, ya jinjina kai.

"Wanda yay yi wanga ya san aiki. Amma da ido biyu a ka dubanai, ido bisa abin da ke gabanka, ɗigon shi biyo ka. Kai ka runtse ido guda ka ƙura ma ɗigo awa ango da amarya. Gaya man, ƙaƙa ka ka ganin ɗigon?"

"Watse shi ke, awa an taka tumatur. Haka na shi ke."

"Ni kau ina ganinai dunƙule awa ƙwayar gero. Ba madubin na ba, idonka na. Tahi Sakkwato a ba ka gilashi, ka komo in ɗaura ma da hannuna. Ɗigon ga inda harsashi za shi shi ka nuna ma. Ba shi gaya ma ko wa na tsaye wurin."

Wani daga cikinmu ya yi dariya, ya ce ɗan banga da tabarau sai ka ce malamin lissafi. Zayyanu ya ji dariyar har ƙashinsa. Ya fizge madubinsa.

"Kai dai ba ka son mu kare gari. Ko an aiko ka? Mu mun san infoma in mun gan shi."

Mu kusan goma ne a wurin, har da ni. Kowa ya san mi kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke jawo wa mutum a ƙasarmu yanzu, ba sai an kawo shaida ba. Kowa kuma ya san ƙarya ce. Babu wanda ya buɗe baki. Baba ya dubi Zayyanu, ya dube mu, ya duƙa ya ci gaba da goge lauje.

Kalmar ta bi gari. Masu zama a rumfarsa suka janye. A masallaci mutum yakan matsa gaba don kada ya haɗa kafaɗa da shi. Inna Kulu, matarsa, ta daina zuwa suna da biki saboda shirun da ake yi in ta shiga. Wata rana an jefa dutse a kan kwanon gidansu. Shi bai kai ƙara ko'ina ba. Da asuba ya fito ya share bakin rumfa.

Bayan wata biyu Zayyanu yana sintirin safe a hanyar fadama, shi ne a gaba. Tururin gulbi ya kwanta a kan albasa. Sai ga mutum ya ɓullo daga cikin rake, dogon abu a kafaɗarsa. Zayyanu ya ɗaga bindiga, ya runtse ido guda. Ya gaya mini cewa a lokacin ba shi da shakka ko kaɗan, bindiga ya gani ƙiri-ƙiri. Abin da ya tsayar da yatsarsa shi ne ya tuna haka ya gani a gindin tsamiya, har sau biyu, kuma lokacin ma ba shi da shakka. Ya sauke. Ya buɗe ido. Ya yi kira: "Wa na nan? Mi ka ka riƙe?"

"Ni na, Ɗahiru. Bututu na. Kai Zayyanu, ba ka gane mijin yayarka da sahe?"

Ɗahiru ya wuce yana masa tsiya, bai san komai ba. Zayyanu ya zauna a kan kunyar albasa. A makon ya tafi Sakkwato, ya dawo da gilashi a fuska. Ɗan madubin yana cikin akwatinsa har yau. Wurin Baba kuwa bai koma ba. In zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan makaranta. Ni ma ta can nake bi.

A watan jiya Baba ya ji idonsa yana masa gizo. Bai tambayi kowa ba. Ya miƙa wa Inna Kulu buhun ya ce ta je gindin tsamiya. Ta fito da muciya ya ce galma. Ta dawo tana cewa, "Malam, rana ta a idonka, mu sake." Ya ce dokar ba ta san mai ita ba. Ranar ya naɗe fatar akuya da kayan saiti a ciki, ya ɗaure.

Baba, kai ne ka fi mu tsoron jinin mutum a lokacin da muke ganin tsoro abin kunya ne. Kai ne aka ɗora wa sunan da ke kashe mutum, ka ɗauke shi shekara biyu, ba ka fanshi kanka da ƙusa biyu ba. Maƙerin da ke duba mai harbi kafin ya duba bindiga. Ɗahiru yana ban ruwa a fadama, 'ya'yansa huɗu suna cin tuwo da ubansu, bai san hannunka a ciki ba. Mun gode. Allah ya saka, ya ba idonka lafiya. Duk wanda ke gyara wa mutane makami daga Wurno zuwa Rabah da Goronyo, ya nemi tsamiyarsa da buhunsa. Wanda kuma ya ji ana laƙa wa mutum sunan banza, ya yi magana a wurin, kada ya jira shekara biyu ya rubuta a takarda kamar ni.

Ranar Juma'a na ce wa Zayyanu, tunda a gaban mutane ya faɗi kalmar, a gaban mutane zai janye ta. Ya yarda. Muka tara waɗanda ke wurin a wancan karon, muka tafi bayan la'asar. Baba yana zaune a bakin rumfa, ba wuta, Inna Kulu tana gyaran wake a gefensa. Da muka kai gindin tsamiya Zayyanu ya tsaya. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Mu ma muka tsaya a bayansa.

Inna Kulu ta gane mu, ta sunkuyar da kai a kan wakenta. Baba ya ɗago, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana duban inda muke.

"Kulu, akwai mutum ga tsamiya. Wa na, mi shi ka riƙe?"