Jan Biron Kawu Labbo

Kun dai san Kawu Labbo, hedimastan firamaren ƙauyenmu da ke bayan Turba, ba a ganin shi babu jan biro a bayan kunne. Ko alwala zai yi, sai ya ciro shi ya riƙe da haƙori, ya shafi kunne, ya mayar. Da shi yake ɗiga wa yaron da ya yi fashi alama a rajista. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na kuma koyar a ƙarƙashinsa, don haka na sha kallo.

Wata safiya ya aiki ɗansa Sani ya kai akuya kasuwar Sabon Birni. Da aka zo kiran suna ya ɗaga murya, "Sani Labbo!" Shiru. Ya ɗiga ja. Washegari ya tsayar da yaron a gaban kowa.

"Ina ka tahi jiya?"

"Baba, ai kai ka aike ni!"

"Babanka ya aike ka. Hedimasta bai san zancen ba. Ka ce mishi ina neman shi."

Muka zuba ido mu ga yadda za a yi wannan ganawa. Kawu ya shiga ofis shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Da ya fito sai ya ce mana uban ya ba da haƙuri.

Sai gwamnati ta fito da tsari: benci, alli, littattafai da abincin yara, duk bisa yawan masu zuwa za a raba. Kai! Nan da nan rajistar wasu makarantu ta cika, har da yaran da ba a yaye ba. Mai gari ya tako da kansa.

"Malam Labbo, ka ɗan saki hannu mana. Kowa haka shika yi."

"Ranka ya daɗe, kawo mini su in ga kunnuwansu. Yaron da ba shi da kunne ba ni rubuta shi."

Benci kaɗan muka samu a shekarar, rabin yara a ƙasa suka zauna. Mai gari ya daɗe yana amsa gaisuwarsa da hanci.

Da damina ta kama, yara duk suka koma gona. Kawu bai yi gardama da iyaye ba. Ya ɗaure allo a bayan kekensa ya bi su, yana koyar da su a gindin tsamiya lokacin hutun noma, yana rubuta sun halarta. Wani jami'in ilimi ya zo daga Isa, ya tarar da makaranta wayam, ya biyo mu gona, wandonsa duk taɓo.

"Malam, ƙa'ida cewa ta yi cikin aji."

"Yallaɓai, ga allo, ga malami, ga yara. Mi ya rage?"

"Rufi."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar. "Wanga ya hi namu. Namu zuba shika yi."

Jami'in ya soke duk kwanakin gona, ko ɗaya bai bari ba. Amma bayan kaka aka aiko mana da kwanon rufi.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan kewaye, iyaye da yawa suka tsallaka Nijar da 'ya'yansu. Ƙa'ida ta ce yaron da ya daɗe bai zo ba a cire sunansa. Kawu ya ƙi cirewa, ya kuma ƙi rubuta sun zo. Kullum sai ya kira sunayensu, ya ɗan saurara, sannan ya ɗiga ja. Ofishin ilimi na Isa suka yi ta ƙorafi cewa makarantarmu ta fi kowace fashi.

Na ce, "Kawu, ka goge su mana mu huta."

Ya ce, "Fashi sunka yi. Wa ya ce maka sun bari?"

Bai ga dawowarsu ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi da rani. Bana wasu daga cikinsu suka dawo, sun yi tsawo har ba mu gane su ba. Babu wanda aka tambaya takarda. Kowa ya tarar da sunansa a inda ya bar shi, ya wuce aji ya zauna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Sauran yaran kuma, Allah ya dawo mana da su gida lafiya.