Konjilatar da Ta Ƙi Wutar Panno

Tun kahin a san firigo a Allakaye ni ka saida zoɓo ranar kasuwa. A randa nike sanyaya shi, in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma ba wanda ya taɓa maido min da kwalba. Sai ɗan maƙwabciyata ya dawo daga bida, wato ci-rani, da panno biyu masu ɗaukar wutar rana, da batir, da wani ɗan firigo wanda bai kai akwatin amarya ba. Kasuwa ɗaya anka ci, masu sayena sunka koma ƙofarta. Har direbobin taksi da ke ce min Inna. Nata zoɓon ruwa ne da kala, amma kwalbar na zufa don sanyi.

Ba ni ɓoyewa, abin ya tsaya min a wuya.

A lokacin ina zuwa karatun manya, na iya lambobi. Na shiga gidanta aron rariya, na leƙa bayan firigon, na ga 12. Na tahi Madawa wurin ƙanwata, wadda ke da tsohuwar konjilatar, babban firigo mai yin ƙanƙara, a zaure ba ta aiki da ita. Na duba bayanta: 220. Na ce to, Allah ya kama ki. Ina sha biyu, ina ɗari biyu da ashirin?

A saman taksi anka ɗauro ta. Na sa direba ya sauke ta daidai ƙofar maƙwabciyata, wai can ya fi fili. Ta fito tana tauna goro.

"Yaya, wanga ɗaki ne ko jirgi?"

"Ki jira ranar kasuwa, ki tambayi masu sayenki."

Muna da panno guda da batir na fitila da cajin waya. Na kira mai gyaran rediyo, wani dattijo mai tabarau, don ya haɗa min konjilatar. Ya zagaya ta, ya yi tsaki.

"Hajiya, wagga ba ta cin wutar batir. Wutar panno gaba ɗai take tahiya, kamar ruwan ƙorama. Kuran na Madawa ko, lantarkin gari, kai da komo yake, kamar zarto. Injin wagga zarto ya sani."

"To ka mai da ƙoramar zarto mana. Mi ne aikinka?"

Ya ce akwai akwatin da ke yin haka, konbatisar, da 'yan taranzisto a ciki masu juya wutar. Ya aro babba, ya haɗa. Konjilatar ta yi gurnani, na yi guɗa har sai da maƙwabta sunka leƙo. Kahin in gama jera kwalabe akwatin ya hau kuka, batir ya mutu, har fitilarmu ta tahi. Dattijon ya ce sai panno sun rufe rufin ɗakina kahin in ciyar da wagga giwa.

Ranar kasuwa na zauna da randa, ƙuda kaɗai ka zuwa. Da la'asar maƙwabciyata ta shigo, ta zauna bisa konjilatar tana kaɗa ƙafa.

"Yaya, akwai wuri a ƙasan firigona. Kawo kwalabenki. Ni ban iya haɗin zoɓo ba, kowa ya sani."

Na so in ce ta tashi min daga kaya. Na kai su.

Yanzu a ƙofarta ake shan zoɓona. Ina jin direbobi ta katanga suna cewa hannun matar ga ya gyaru, ita ko ba ta taɓa ce musu a'a ba.