Tumatirin Gwangwani da Cikina na Biyu

Ina da cikin ɗana na biyu jiri ya fara ɗibata. In na sunkuya wanke-wanke na miƙe, sai in ga gidan yana juyawa. A Dungas muke zaune lokacin, maigidana yana kabu-kabu da moto. Shi ya fara lura tafin hannuna ya yi fari. Ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya ce jinina ne ya ragu.

Washegari ya shigo da tumatirin gwangwani, ƙananan nan da ake sarowa a Magaria. Wani da ya ɗauko a moto ne ya ce masa yana ƙara jini, tunda ja ne. Daga nan kowace miya sai an fasa mata gwangwani, wani lokacin ma ya dama a ruwa ya miƙo mini. Ina sha. Ga tsami ga gishiri, ƙwarnafi ya dame ni, jirin kuma yana nan.

Ganye kuwa ba ya shiga gidanmu. Maigidana a Guci ya tashi, kuma yana yaro aka yi shekarar da gero bai yi ba. Ganyen tafasa suka ci safe da yamma har wata kakar. Tun farkon aurenmu ya ce mini muddin yana da ƙarfi matarsa ba za ta ci abincin yunwa ba.

Ranar awo ya kai ni likita, wato asibitin garinmu. Ungozomar likitar, da muke ce wa madam, ta duba ni ta tambayi abin da nake ci. Na gaya mata. Ta sa aka kira shi daga waje.

"Malam, jan tumatir ba jini ba ne," in ji ta. "Yana da amfaninsa, ban ce a daina ba. Amma abin da ke gina jini ya fi yawa a zogale da alayyahu da ganyen wake."

"Madam, ganye fa? Ai ba mu rasa ba."

"Ban ce kun rasa ba. Ta dafa ganyen, kada ya daɗe a wuta, kada ta zubar da ruwan. Ta sa tumatirin a ciki, yana taimakon jiki ya ɗauki abin da ke cikin ganyen. In an samu hanta ko kifi a ƙara."

Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, muka taho. 

Ranar kasuwa ya dawo da zogale ƙunshe a cikin buhun siminti, ya ɗaure bakin tam don kada abokan aikinsa su gani. Ya ajiye a ƙofar ɗaki ya fita. Na koma ɗora tukunya biyu, tawa da tasa. In na sauke tawa sai ya ɗauki tuwonsa ya koma zaure.

Sannu a hankali jirin ya ragu. Ko ganyen ne, ko ƙwayoyin, ko duka biyun, ban sani ba. Bayan an yanke gero na haihu lafiya, namiji. Uwar mijina ta zo wankan jego daga Guci da ƙullin busasshiyar rama da ƙuli-ƙuli, ta yi kwaɗo, ni da ita muka ci a kwano ɗaya. Ta yi wa maigidana tayi, ya ce ya ƙoshi.